Ƙofar Baba Kansila

Duka na uku da aka kai wa ƙofar da rodi ne ya sa Mai Walda ya kashe injinsa ya leƙo waje. Motar 'yan haraji tana tsaye a tsakiyar layi, an riga an loda mata ƙofofi huɗu, ta mai aski a sama har da labulenta. Haka ƙaramar hukuma ta koma yi tun farkon shekara. Shagon da ba a ga sitikar haraji a gaban ƙofarsa ba, babu gardama babu kotu, sai a ɓalle ƙofar a tafi da ita, mai shago ya zauna gadin kayansa har ya je ofis ya yi abin da ake so. Yanzu sun iso ta biyar, ta tsohon kafintan da shagonsa ke manne da na Mai Walda, wanda duk layin ke kira Baba Kansila.

Bai taɓa zama kansila ba, ko takara bai taɓa tsayawa ba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Mutum zai je gyaran ƙafar kujera, ya dawo da labarin ajujuwa uku marasa rufi a makarantar ƙarshen layi, da kwatar da ta toshe tun bara, da shaguna ashirin da biyu da suka koma tara. Duk Asabar yakan ɗauki guduma ya je makarantar ya gyara bencina kyauta, yana yi yana zagin waɗanda aikinsu ne. A taron unguwa na watan jiya ya miƙe a gaban jama'a ya tambayi ciyaman a wace makaranta 'ya'yansa suke karatu. Aka yi dariya, ciyaman ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Abin haushi kuma, a duk layin babu mai biyan haraji a kan lokaci kamarsa. Yakan ce biyan ne ya ba shi bakin magana. Rasidin kowace shekara yana bayan ƙofarsa, daga ciki, har da sabuwar sitikar. Sai dai ya rantse ba zai manna ta a waje ba, wai ƙofarsa ba allon talla ba ce.

"Ku zagayo ta baya ku gani!" Muryarsa ke nan daga cikin shagon, ya sa sakata. "Mutum ɗaya ya shigo ta ƙofar gida ya gani da idonsa, na biya!"

"Doka ta ce a waje," in ji shugaban 'yan harajin, wani ƙato mai baƙin tabarau da suke kira Oga. "Ku ɓalle ta."

"Dokar ubanwa? Wa ya zauna da mu aka yi ta?"

Suka sake sa rodi, su uku, suna nishi. Ƙofar ko gezau. Mai Walda ya ji wani abu kamar alfahari ya taso masa, don shi ya ƙera ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da ɓarayi suka addabi layin. Ƙarfe ne mai kauri, sai ƙarti uku ke ɗaga ta. A lokacin bai daɗe da zuwa unguwar ba, ba wanda ya san hannunsa, tsohon ne ya fara ba shi aiki ya kuma bi shago shago yana yabonsa.

Matar da ke ɗinki a tsallaken layi ta fito da zare a wuya tana cewa su ji tsoron Allah, tsoho ne. Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya kwaɗa mata mari, ta faɗi a kan benci, leɓenta ya fashe. Mai aski ya yunƙura, aka nuna masa rodi, ya koma ya tsaya. Sai Oga ya juyo, ya bi wayar wuta da ido har ƙofar shagon Mai Walda.

"Kai, kana da injin yanka?"

"Ya... ya ɗan samu matsala, ranka ya daɗe."

"Yanzu na ji yana kuka." Oga ya cire tabarau ya dubi sitikar ƙofar Mai Walda. "Taka ta shago ce. Ina ta janareto? Ina ta aiki a bakin titi? Ko dai ka ɗauko injin ka yanke mana ƙofar nan, ko mu sa shi a mota da janareton gaba ɗaya. Zaɓi."

Yara biyar gare shi, injin nan kuma shi ne abincinsu. Wannan ya faɗa wa kansa, kuma gaskiya ne. Ya jawo waya ya fito, kansa a ƙasa, duk layin yana kallonsa.

Duk wanda ya taɓa riƙe injin yanka ya san yadda ake sauke ƙofa mai nauyi. Hinji biyu ne ke riƙe ta, wato ƙarafan da take juyawa a kansu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na ƙasa ake fara yankewa, a tokare gindin da katako, a bar na sama ya riƙe ta har mutane su tallafe, sannan a gama. Mai Walda ya san wannan kamar sunansa. Amma yanke na ƙasa sai mutum ya durƙusa, shi kuma ya duba ya ga takalman Oga, ya ga mai ɗinki tana share jini da gefen mayafi, ya ji ba zai iya durƙusawa a gaban mutanen nan unguwa tana kallo ba. Ya ce a ransa bari ya yi a tsaye ya gama da sauri. Ya ɗaga injin ya ɗora a hinjin sama.

"Wa ke nan?" in ji tsohon daga ciki, kusa da ƙofar sosai. "Mai Walda? Kai ne?"

Mai Walda ya ci gaba da yanka. Tartsatsi ya yi ta zubo masa a hannu. Da hinjin ya rabu, ƙofar ta yi wata ƙara ta karkace, ya buɗe baki zai ce a dakata, ya kuma ce wa Baba ya matsa baya. Kafin maganar ta fito, wani saurayi cikin 'yan harajin mai jar riga ya ja da baya ya kai wa ƙofar duka da ƙafa. Sakatar ta tsinke, hinjin ƙasa ya yage, ƙofar ta tafi ciki gaba ɗaya.

Ƙarar ta cika layin. Sai shiru. Daga ƙarƙashin ƙarfen ƙafa ɗaya ce kawai ta fito, silifas ɗin ya cire, yatsun suna motsi.

Abin da ya biyo baya Mai Walda bai gan shi a jere ba. Ya dai san ya jefar da injin, shi da mai aski da wani mai facin taya sun ɗaga ƙofar, ya ga bayanta cike da takardu. Tsohon yana kwance cikin garin katako, jini yana fitowa ta hanci da baki, yana numfashi kamar ana jan zarto. A waje dutsen farko ya fasa gilashin motar. Oga ya haye gaba, direbansu ya kasa tayar da ita, suka watsar da ita suka ruga da ƙafa. Ɗaya ya yi tuntuɓe a bakin kwata, jama'a suka rufe shi da duka, da katako da bulo da duk abin da hannu ya samu, har ya daina kare kansa. Ba shi ne mai jar rigar ba, amma ba wanda ya tsaya tambaya. Wani ya kawo fetur, mota ta kama da wuta da ƙofofin mutane a cikinta, mai aski yana ihu a ciro tasa. Da 'yan sanda suka iso suka harba barkonon tsohuwa, iska ta kai shi makaranta, yara suka fito ta taga suna kuka suna faɗuwa.

Cikin wannan hayaƙin Mai Walda ya goya tsohon a baya ya kai shi bakin babban titi. Jinin ya jiƙa masa wuyan riga.

Kwana biyu layin a rufe. An kama mutum goma sha ɗaya, har da mai faci da bai jefa ko tsakuwa ba. Mai Walda ya zauna a gida, abinci ya ƙi shiga. Maƙwabta suna shigowa suna yi masa sannu, kowa da magana ɗaya: ai tilasta maka aka yi, ai mai jar rigar nan ne, Allah ya isa. Kowace sannu sai ta ƙara masa nauyi a ƙirji. A duk waɗanda suka tsaya a wurin babu wanda ya san bambancin sama da ƙasa a aikin ƙofa. Shi kaɗai ya san da ya durƙusa, ko duka goma mai jar riga ya kai, ƙofar tana nan a rataye.

Ya faɗa wa matarsa. Ta ajiye tsintsiya ta rufe ƙofar ɗaki.

"Baban yara, ka rufa mana asiri. Ka ga abin da suka yi wa wancan a bakin kwata? An ce har yanzu bai farfaɗo ba. Wa ya tambaye ka? Ka haɗiye ta."

"Ta ƙi haɗiyuwa."

"To ka sha ruwa."

A rana ta uku aka sallamo tsohon daga asibiti, ba don ya warke ba. Likita ya ce haƙarƙari biyar sun karye, ɗaya ya taɓa huhu, shi kuma ya kafe a gida zai kwanta. A ranar ce ɗansa ya iso, direban babbar mota da labari ya same shi a kan hanya. Da hantsi ya buga wa Mai Walda ƙofa, idanunsa jajur, da wani abu a nannaɗe cikin buhu. Ya warware. Guntun ƙarfen sifirin ɗin mota ne, tsawon hannu.

"Yaya, wasa mini wannan."

"Me za ka yi da shi?"

"An nuna mini gidansu mai jar rigar. Bayan tashar mota yake, uwarsa na sayar da gawayi. Ka wasa mini kawai, ba ruwanka."

"Ka je ka ga Baba tukuna."

"Na gan shi. Shi ya sa na zo." Muryarsa ta karye. "Kai ka ɗauke shi a bayanka, Yaya, ba zan manta ba har in mutu. Ka ƙarasa mini alherin."

Mai Walda ya dubi ƙarfen. Minti goma ya ishe shi ya fitar masa da baki. Ya ce babu mai a janareto, a bari sai la'asar, su je su gaida Baba tare. Direban ya nannaɗe abinsa ya saƙale a hammata.

An kwantar da tsohon a ɗakin da ke bayan shagon, a kan gadon da ya yi da hannunsa, an tokare shi da matasai uku don ba ya iya kwanciya sosai. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune a gefe da mafici. Ɗakin yana warin magani da katako. Ya rame cikin kwana uku, amma bakin yana nan.

"An ce... 'yan ƙaramar hukuma sun aiko da wakili," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi. "Da lemo. Na ce a mayar. A sayar da lemon... a sayi kwano ko ɗaya... a rufa wa yara aji."

"Malam, likita ya ce ka rage magana," in ji Inna.

"Likita ma... albashinsa ya makara, shi ya faɗa mini." Ya yi tari, ta share masa baki, tsumman ya fito da ja. "Mai Walda, ka gani ko? Mu biya, su ci. Mai aski zai rufe... shago takwas ke nan. In suka kashe layin... ƙofar wa za su cire baɗi? Ta uwarsu?"

"Kai Malam!"

Mai Walda ya so ya yi dariya, kuka ya zo a maimakonta. Ya zame daga kujera ya durƙusa a gaban gadon, abin da ya ƙi yi ranar.

"Baba, ni ne. Na sama na fara yankewa."

Direban, da ke jingine da bango, ya ce, "Me ke nan?"

Mai Walda bai juya ba. Ya yi bayanin da bakinsa, dalla-dalla, yadda ake yi da yadda ya yi, da cewa ya sani, ba mantuwa ba ce, kunyar durƙusawa ce. Ya ce mai jar rigar ya kai duka, gaskiya ne, amma ƙofar da aka yanke daidai ba ta faɗuwa don an dake ta.

Bai ga hannun ba. Naushin ya same shi a gefen baki, ya ji haƙori ya karye, kansa ya bugi ƙafar gado. Direban ya haye kansa ya shaƙe masa wuya da hannu biyu, yana buga ƙeyarsa da siminti.

"Kai! Kai da yake kira ɗansa! Ka bar ni ina yi maka godiya!"

Inna tana jan rigarsa tana salati. Mai Walda bai kare kansa ba. Ɗakin ya fara yin duhu a idonsa, ya ga hannu ɗaya ya sake shi yana laluben buhun.

Kofin ƙarfe ne ya bugi bango ya faɗo yana juyawa. Tsohon ne ya jefa. Jifar ta ƙwace masa numfashi, ya daɗe yana neman sa, su ukun suka tsaya cak suna kallonsa.

"Sake shi... ɗan banza."

Direban ya sassauta.

"Kana tsammani... ban sani ba? Shekara arba'in ina rataya ƙofa. Ina ciki na ji ƙarar... daga sama ta fito. Na ce yau yaron nan ya ruɗe." Ya huta. "Na san za ta faɗo. Taku biyu ne... in matsa. Na ƙi. Na ce ba za su ga na ja da baya ba... a shagona." Wani abu kamar murmushi ya zo masa. "Shi ya ƙi durƙusawa, ni na ƙi matsawa. Wawaye biyu. In kisa za ka yi... ka fara da ubanka."

"Baba..."

"Ba wa uwarka ƙarfen nan."

Direban ya daɗe a tsaye. Inna ta miƙa hannu, ya sa mata buhun, ta tura ƙarƙashin gado da ƙafa.

Mai Walda ya tofa jini a tafin hannunsa ya ce, "Baba, ka yafe mini."

"Aikin banza ka yi," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Ban yafe aikin ba. Kai na yafe wa." Ya ɗan buɗe ido ya nemi matarsa. "In lokaci ya yi... shi zai yi mini wanka. Wannan kuma," ya nuna ɗansa da haɓa, "ya zuba masa ruwa. Kin ji? Ke ce shaida."

Direban ya fice ya bugo labule. Ba a sake ganinsa ba ranar, amma bayan tasha ma ba a gan shi ba.

Washegari da hantsi, yaran makaranta suna wucewa, Baba Kansila ya cika. Inna ta ce maganarsa ta ƙarshe tambaya ce, ko an sako mai faci. Ba a sako shi ba.

Layin ya cika da mutane, motar 'yan sanda tana tsaye daga nesa kusa da ƙonannen wurin da aka janye motar haraji. Liman ya kira wani dattijo da ya saba wankan gawa, Inna ta aiko daga cikin gida cewa mamacin ya bar wasiyya. Aka yi ta kallon-kallo da aka ga Mai Walda ya taso da kumburarren baki da shatin yatsu a wuya. Mai aski ya tambaye shi wa ya yi masa haka, ya ce ba komai. Matar Mai Walda tana tsaye cikin mata a bakin zaure, ta sa mayafi ta rufe baki.

An kewaye wani lungu a tsakar gida da tabarmi. Dattijon ya tsaya a bakin wurin yana faɗa wa Mai Walda abin da zai yi, don bai taɓa yi ba. Da ya yaye zanen zuwa ƙugu, sai ya ga shatin a ƙirji, baƙi, miƙaƙƙe daga kafaɗar hagu zuwa haƙarƙarin dama, daidai faɗin ƙarfen da ya gicciya a bayan ƙofar don ta yi ƙarfi. Ya miƙa hannu. Ya tsaya, ya kasa taɓawa.

Tabarma ta motsa. Direban ne ya shigo, ya naɗe hannun riga, bai dube shi ba. Ya tsuguna a ɗaya gefen, ya ɗauki buta ya taɓa ruwan da yatsa, ya ce wa dattijon ya yi sanyi, a ƙaro mai ɗumi. Aka kawo. Ya sirka ya sake taɓawa.

"Ta dama ake farawa," in ji dattijon.

Mai Walda ya ɗaga hannun daman tsohon. Akwai sauran garin katako a ƙarƙashin farcen. Direban ya karkata butar a hankali, ruwan ya sauka a kan hannayen biyu, ya gangara ya bi ƙasa zuwa bakin kwata.